Ba Ku Auna Habibu Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Zaɓen 'Yan Ƙwallon Amurka na yankinmu, da wakilansa na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kana lafiya da iyali da abokan aikinka. Yaya ɗawainiya da 'ya'yan jama'a? Allah Ya ba da lada.

Sunana Garba, faci nake yi a kusa da tashar Gumel. Haifaffen Gagarawa Tasha ne ni, sana'a ta kawo ni nan. Ba ni da kujera a kwamitinku, ba ni da wani babba da zan buga wa waya ya sa baki. Na zo inda kuke zama sau biyu, duka biyun aka ce kun tashi. Shi ya sa na nemi takarda na rubuta a fili, ko Allah zai sa wani ya miƙa maka.

Saboda masu karatun da ba su san wasan ba, bari in ɗan yi bayani. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya kawo mana shi, ya koya wa matasa, ya gama hidimarsa ya tafi ya bar mu da shi. Ƙwallon mai tsawo ce kamar gwanda, kuma da hannu ake yi. Akwai mai jifa guda ɗaya, akwai masu cafewa da ke rugawa gaba, akwai masu gadi da ke bin su. Ba a kayar da mutum irin na talabijin. Kowa da ƙyalle rataye a ƙugu, wanda aka fizge nasa ya tsaya. Da farko dariya muka yi ta yi musu. Yanzu ni da kaina nake rufe rumfa ranar da za su buga.

Ɗan yayata, Habibu, mai cafewa ne a ƙungiyar Gumel tun ranar da aka fara wasan. Mahaifinsa, Alhaji, yana da tirela da ke lodin shanu a Maigatari zuwa Kudu, kuma ya daɗe yana so Habibu ya hau ta ya zama direba na biyu. Ni ne na cire kunya na je gaban surukina na durƙusa, na roƙe shi ya bar yaron har zuwa gasar jiha da za a yi a Dutse. Alhaji ya ce, "To Garba, na ji. In sun ɗauke shi, na bar shi ya ga iya gudun ruwansa. In ba su ɗauke shi ba, kada ka sake zuwar mini da maganar nan." Na amsa da murna, har da cika baki, don ban ga yadda za a yi a zaɓi mutum goma sha biyu a yankin nan babu Habibu ba.

Kun fitar da jerin sunaye, babu shi. Tirelar Alhaji kuma za ta tashi ranar Alhamis mai zuwa bayan an ci kasuwar Maigatari. Ga abin da ke raina.

Na farko, maganar ƙirgen cafewa.

Tun ranar da jerin ya fito, rumfata ta zama kotu. Kowa ya zo da hukuncinsa, har waɗanda ba su taɓa taka filin ba. Malam Bala tela, wanda shagonsa ke jikin nawa, shi ne shugaban masu ƙirge. A ganinsa mai cafewa aikinsa cafewa, a lissafa sau nawa kowa ya kama, wanda ya fi yawa ya tafi Dutse, magana ta ƙare. Ya ce Habibu yana yin wasa guda ƙwallo ba ta taɓa hannunsa ba sai sau ɗaya ko biyu, to me za a je a yi da shi?

Na ce masa, Malam Bala, mutum shi yake jefa wa kansa? Mai jifa yana duba wanda ke sake ne ya ba shi. Wanda ke sake kuma, me ya sa yake sake? Saboda masu gadi biyu sun bi Habibu sun bar shi. Duk wanda ya kalli wasanmu da Maigatari ya ji kocinsu yana ta kururuwa a gefe, "Ku riƙe dogon nan, kada ku bar dogon nan!" Har muryarsa ta dishe. Bai taɓa yin wannan ihun a kan yaran da kuka ɗauka ba. Yaran suna da kyau, ba na kushe su, ɗaya ma ɗan maƙwabcina ne. Amma rabin ƙwallayen da suka cafe, hanyar da Habibu ya buɗe musu suka bi.

Na biyu, maganar bidiyon waya.

Ɗanjuma mai cajin waya shi kuma ba ya ƙirge, kuskure yake nema. Yana da bidiyon wasanmu da Gagarawa, inda aka jefa wa Habibu ƙwallo a daidai layin ci, ta shiga hannunsa ta zame ta faɗi. Ba zan musa ba, ta faɗi. Ina wurin, kuma mutanen garinmu na Gagarawa sun yi mini tsiya har na rasa inda zan sa fuskata. Wannan ɗan bidiyon babu wayar da bai shiga ba a Gumel.

Amma Ranka ya daɗe, mai riƙe da waya ƙwallo yake bi. Inda ta je nan yake juya hannu. Mutumin da ya ruga can kusurwa ya janye masu gadi biyu, ba ya shiga hoton sam. Wato duk abin da Habibu ya fi iyawa babu shi a wayar kowa, abin da ya ɓata sau ɗaya kuma kowa yana da shi a aljihu.

Don kada a ce son kai ya rufe mini ido, zan faɗi inda suka fi ni gaskiya. Malam Bala ya tambaye ni: mutumin da ba a cika jefa wa ba, ta yaya za a tabbatar hannunsa na riƙewa idan aka je gaban manya? Gaskiyarsa ce. Wasu sun ce tashinsa da nauyi, sai ya yi taku huɗu ko biyar kafin gudun ya zo. Wannan ma haka ne, tun yana yaro haka yake. Kwana biyar muna wannan musu, na bar tayoyin mutane a jingine, har na fara lallashin kaina cewa wataƙila kun zauna kun duba duk waɗannan, kun ga abin da ƙauna ta hana ni gani. Da hakan ne, wallahi da na haƙura.

Na uku, abin da na gano.

Ranar Litinin sakataren kwamitinku ya turo babur ɗinsa rumfata, ƙusa ta huda masa taya. Ina duba tif a cikin ruwa na daure na tambaye shi, a cikin abubuwan nan wanne ne ya kayar da Habibu, ƙirgen ne ko ƙwallon da ta faɗi? Ya ce, "Wane Habibu?" Na kwatanta masa. Ya sosa ƙeya ya ce, "Af, dogon nan? Ai Malam Garba sunansa ma bai zo teburi ba."

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Kun raba guraben ne uku-uku, kowace ƙaramar hukuma wakilinta ya kawo mutum uku. An ware takardun neman shiga da yara suka cike bisa ƙaramar hukumar da kowa ya rubuta. Takardar Habibu ta faɗa cikin na Sule Tankarkar. Wakilin can ya duba ya ce bai san shi ba, bai taɓa ganinsa a filinsu ba, ai wannan ɗan Gumel ne, ya ajiye ta gefe. Wakilin Gumel kuma ko ganin takardar bai yi ba, tunda ba ta cikin tarinsa, ya ɗauka mutanen Sule Tankarkar sun riga sun ɗauke shi. Kowa ya kawo ukunsa, aka tafa, aka yi addu'a, aka tashi.

Don ruɗewa har na manna facin a inda ba hujin yake ba. Ashe duk musun da muka kwana biyar muna yi, na hannu da gudu da ƙirge, a kan hukuncin da ba a taɓa yankewa ba muke yi. Babu wanda ya ce Habibu ya iya, babu wanda ya ce bai iya ba.

Na huɗu, nawa laifin.

Ba zan ɗora muku duka ba, don ni na san yadda aka yi takardar ta je can. A rumfata Habibu ya cike ta. Da ya zo inda aka ce a rubuta ƙaramar hukuma, ya sa biro zai rubuta Gumel, inda aka haife shi, inda ya yi makaranta, inda yake buga wasa. Ni na karɓe biron. Na ce masa mutum garin ubansa yake rubutawa a takarda, haka muka taso muka gani, haka ake yi a neman makaranta da neman aiki. Alhaji mutumin Ɗanzomo ne ta ƙaramar hukumar Sule Tankarkar, don haka ita na rubuta da hannuna. Habibu bai yi musu ba, bai saba musu da ni ba. Alhali Ɗanzomo sai da salla yake zuwa, ko in an yi rasuwa a dangi.

Kuma tunda na fara faɗin gaskiya bari in ƙarasa. Har da wayo a ciki. Na lissafa a raina cewa Gumel 'yan wasa sun yi yawa, can kuwa ba su da yawa, zai fi samun wuri cikin sauƙi. Ban gaya wa kowa wannan ba sai yau.

Ban ga laifin rabon guraben ba. Na san in ba a yi haka ba Gumel za ta kwashe duka, yaran ƙauyuka su zama 'yan kallo. Ban ga laifin wakilin Sule Tankarkar ba. Yana da yaransa da ke atisaye a gonar da aka girbe, kuma iyayensu zai haɗu da su a masallaci. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, mutum nawa ne a teburin nan suka san Habibu da ido, suka ji ana ihun a riƙe shi, amma aka karanta sunaye goma sha biyu babu wanda ya ɗaga kai ya ce, ina dogon nan?

Na biyar, abin da ke gabanmu.

Ba na raina tuƙi. Sana'a ce ta halal, da ita Alhaji ya ciyar da yayata da 'ya'yanta, ni kaina da tayoyin direbobi nake cin abinci. Amma wanda ya hau tirelar Kudu sati-sati yake yi a hanya, ya dawo a gajiye, ya kwana biyu a sake lodi. Babu atisaye, babu wasa. In ya tafi ranar Alhamis, ya tafi ke nan. Ni kuma ba ni da fuskar komawa gaban Alhaji. Ya ba ni dama sau ɗaya, ya cika alkawarinsa, bai taɓa hana yaron zuwa fili ba. In na je in ce masa me? Yayata ko da na shiga gaishe ta ba ta tayar da maganar, sai ta tura mini abinci ta kau da kai. Wannan shirun nata ya fi mini zafi a kan ta yi mini faɗa.

Ga roƙona, kuma na san roƙo ne kawai, ba ni da abin da zan tilasta muku da shi.

Idan jerin bai tafi Dutse ba, ku sake zama ku ɗora takardar Habibu a teburi. Ban ce ku cire ɗan kowa ba. In akwai gurbin 'yan jiran ko-ta-kwana, ko shi ne ku duba masa. Da wannan ma zan iya zuwa gaban Alhaji.

Idan ya riga ya tafi, to ku kira shi fili da yamma ɗaya kafin Alhamis. Ku sa masa masu gadin da kuka fi yarda da su, ku sa a jefa masa, ku tsaya ku kalla da idonku, ba ta waya ba. In kun ga bai kai ba, ku gaya masa a fuskarsa. Namiji ne, zai ɗauka. Ya hau motar ubansa yana sane da cewa an gwada shi.

Sannan ku gyara takardar nan kafin baɗi. Ku tambayi yaro inda yake buga wasa, ba garin kakansa ba, don kawunai irina suna da yawa a yankin nan.

Allah Ya yi maka jagora, Ranka ya daɗe, Ya ba yaran da kuka zaɓa nasara a Dutse, Ya kai su lafiya Ya dawo da su lafiya. Allah Ya raba ka da ranar da za ka cuci naka da niyyar taimakonsa.

Saura abu ɗaya. Har yanzu Habibu bai san komai ba. Jiya ya zo rumfata ya zauna a kan tsohuwar taya, ya ce, "Kawu, waccan da ta faɗi a wasan Gagarawa ce ko?" Na sunkuyar da kai na yi kamar ina neman sifana. Na san wannan wasiƙa za ta shiga wayoyi, kuma za ta isa gare shi kafin ta isa gare ka.

Habibu, ba ƙwallon da ta faɗi ba ce. Ba a ma duba ka ba, kuma ni na jawo. Ka yafe wa kawunka.

Wassalam.

Garba Mai Faci,
Gumel.