Shayin da Baba Ya Raɗa wa Suna Rabo

Assalamu alaikum, Yaya Bello.

Ya aiki, ya iyali, ya sanyin Afirka ta Kudu? Mu nan Illela lafiya lau, alhamdu lillahi.

Jan shayin da ka aiko, roibos, ya iso. Ka san tun da likita ya hana Baba ataya, koren shayin nan mai ɗaci, saboda hawan jini ya daina zuwa majalisa, wai ba ya zama hannu babu kofi. Sai na dafa masa shi dahuwar ataya: buta kan gawayi, da na'ana'a, har ya yi kumfa. Ya leƙa kofin ya ce, "Wanga mi ne, zoɓo?" Ya kurɓa yana jiran ɗaci, har dahuwa ta uku ɗaci bai zo ba. Barci ma ba ya hana shi. Yanzu ya koma majalisa da butarsa, kuma da sunan ya gagare shi faɗa, ya raɗa masa "rabo".

Ka gaida matarka da yara, ka sa mu a addu'a. Baba ya ce ka ƙaro rabo, amma ka tuna rabonsa da ganinka shekara huɗu.

Ƙanenka,
Sanusi