Babur ɗin da Ke Mutuwa a Hanyar Kanyanya

Rushere, farkon damina.

Zuwa ga Kawu Rwabwogo, a garejinsa na Masaka.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da iyali, kuma gwiwar nan ta daina damunka. Mu nan lafiya lau, sai babur.

Kawu, babur ɗin nan da ka zaɓa mini da hannunka ya koyi wani hali, na rasa gane kansa. Ina cikin tafiya lafiya ƙalau da garewanin madara a baya, sai ya yi tari, ya ja numfashi kamar tsohon da ya ƙware, ya mutu murus. In yi ta buga kik har gumi ya jiƙa ni, ko uffan. In zauna a gefen hanya in gama zage-zagena, in duba nan in duba can, in sake bugawa, sai ya tashi kamar ba shi ba. Kuma ba kullum yake yi ba. Sai ya yi kwanaki yana gudu har in manta, rana tsaka ya tuna mini.

Na canja fulogi. Na kai wa bakaniken bakin kasuwa ya wanke kabureta, ya rantse cewa yanzu ko Kampala zan je in dawo. Bai kai mako ba ya sake mutuwa. Na daina sayen fetur na kwalba, duk a banza.

Da don madara ce kawai da na haƙura. Amma ka san matata Kyarisiima cikinta ya tsufa, ta koma gidan uwarta a Kanyanya tunda haihuwar fari ce. Malamar asibiti ta ja mana kunne cewa kada a kuskura ta haihu a gida, domin ɗan bai kwanta daidai ba. Mota ba ta shiga Kanyanya da damina. Ranar da naƙuda ta zo, wannan babur ne zai kai ta asibiti, ba wani. Kawu, tsoro nake ji, ba na ɓoye maka.

Ka taimake ni da shawara. Direban bas ɗin da ya kawo maka wannan zai dawo mini da amsa.

Ɗanka,
Nuwagaba.

*

Masaka.

Nuwagaba ɗan ƙanwata,

Na samu takardarka, na gode da gaisuwa. Gwiwa tana nan, ta fi babur ɗinka taurin kai.

Kai, har yanzu halinka na yarinta bai sake ka ba. Abu ya samu matsala, sai ka hau canje-canje kamar mai neman suna. Fulogin da ka yar me ya yi maka? Kuma zagi ba ya tayar da inji, da yana tayarwa da tuni na rufe gareji.

Cutar da ke zuwa tana komawa ita ce mai daɗin bincike, har na ji ina ma ina kusa. Amma tunda ba na kusa, idonka ne idona. In ya sake mutuwa, kada ka taɓa komai tukuna. Ka cire fulogi, ka jingina shi da jikin inji, ka buga kik ka ga ko wuta na fita. Ka taɓa kwayil ka ji ko ya yi zafin da hannu ba zai jure ba. Daga nan ka zare tiyon mai daga kabureta ka ga yadda fetur ke zuba.

Sannan ka gaya mini abin da ba ka gaya mini ba. Daga ina kake fitowa ranar da yake mutuwa? Da safe ne ko da rana? Kuma wannan “in duba nan in duba can” da ka rubuta, ina ne nan, ina ne can? Me hannunka ke taɓawa kafin ya tashi? Kada ka raina ko da abin dariya ne.

Ka gaida mini 'yata Kyarisiima, ka ce ta kwantar da hankalinta. Kai ma ka kwantar da naka.

Kawunka,
Rwabwogo.

*

Rushere.

Kawu, bayan gaisuwa da ban girma,

Ya sake yi, kuma na bi maganarka daki-daki. Wuta tana fita shuɗiya tas. Kwayil ɗumi kawai ya yi. Amma da na zare tiyo, fetur ɗiga yake kamar hawaye. Na ce to ko mai ya ƙare? Na buɗe murfin tanki in leƙa, sai na ji ya yi “fuuus”, nan take fetur ya ɓarke ta tiyon ya wanke mini takalmi. Tanki kuwa ya fi rabi. Sai yanzu na lura, duk lokacin da ya mutu sai na buɗe tanki na leƙa, kuma bayan haka yake tashi.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Na zauna na yi tunani a kan tambayarka, sai na ga bai taɓa mutuwa ba sai ranar da na fito daga Kanyanya da safe. In na ɗauko madara a Kazo ko wani gari, lafiya lau. Kuma kusan wuri ɗaya yake mutuwa, gab da gangaren nan mai babban suri.

Na yi kuskuren faɗa a tasharmu ta masu babur. Tindyebwa, mai bakin nan, ya kwashe da dariya ya ce, “Kai da ba ka da ko ɗan maraƙi ka auri 'yar masu shanu, me kake jira? Surukarka ce ta ɗaure shi da asiri, malam!”

Na ce, “Rufe mini baki, wa ya tambaye ka?”

Ya ce, “To je ka tambaye ta mana, in kana da ido.”

Kowa ya fashe, don sun san ba hali. Tunda na auri 'yarta ban taɓa kallon fuskar tsohuwar nan sosai ba, ita ma haka. In na shigo ta ƙofar gaba, ta fice ta baya. Saƙo ma sai ta bakin Kyarisiima. Kunyar suruka ce, na sani, kowa haka yake yi. Amma ka tuna ita ce ta ƙi aurenmu da farko. Ni dai ban yarda da maganar Tindyebwa ba, sai dai ta ƙi fita daga kaina.

Ka ce kada in raina abin dariya. To, karen maƙwabcina ya ɗauki wata ɗabi'a: in na dawo daga Kanyanya sai ya ɗora ƙafa a kan babur yana lasar murfin tanki. Ƙudaje ma suna binsa.

Ina jiran amsarka kamar ruwan shuka.

Ɗanka,
Nuwagaba.

*

Masaka.

Nuwagaba,

Gaisuwa a gurguje, direba na jira.

Madalla, yanzu ka yi magana. Wannan “fuuus” ɗin shi ne likitanka. A murfin tanki akwai wata 'yar huda, ba ta fi kan allura ba. Ta nan tanki ke shaƙar iska yayin da mai ke sauka. In ta toshe, mai zai sauka na ɗan lokaci sannan ya tsaya, kamar yadda in ka kifa gora mai ƙaramin baki ruwa ke ƙin fita. Shi ya sa yake mutuwa a wuri ɗaya. Surin nan ba ruwansa.

Abin da ban gane ba shi ne me ke toshe ta yau ya buɗe ta gobe. Datti in ya toshe, ya toshe ke nan. Kuma shekara da shekaru ina wannan sana'a ban taɓa ganin kare ya lashi fetur ba. Ka tsokane hudar da allura, ka shinshina abin da ya fito, ka rubuto mini. Tun jiya nake juya abin a raina har abinci ya huce a gabana.

Kawunka,
Rwabwogo.

*

Kanyanya.

Zuwa ga Baba Rwabwogo,

Ina gaisuwa cikin ladabi, ina fata kuna lafiya. Ni ce Kyarisiima, matar ɗanka. Ka yafe mini rubuto maka kai tsaye, abin ne ya fi ƙarfina.

Jiya ɗanka ya zo da allura a hannu yana huci. Wai ya tsokane murfin tanki ya sami man shanu, wai yanzu ya tabbata wani a gidanmu ke toshe masa babur da gangan. Ya ce, “In haɗa miki kayanki yanzu, ko in tafi in bar ki da masu son ki mutu a hanya?” A tsakar gidan uwata ya faɗi haka, Baba, da ƙarfi, tana bayan ɗaki tana ji. Na ce masa ba inda za ni. Ya hau abinsa ya tafi, ko nonon da aka zuba masa bai sha ba.

Eh, Mama ce ke shafawa, kuma na sani tun tuni. Ban san yana da illa ba, wallahi. Kowace safiya in ta wanke ebyanzi, gorunan nononmu na itace, ta turara su, sai ta shafe su da man shanu har bakinsu, don kada su tsage. Ta ce mini babur ɗin nan shi ne saniyar gidanmu, tankin kuma shi ne gorarsa. Ta ce, “Yaron nan ba ni da ikon in gaishe shi, ba ni da ikon in dafa kansa in sa masa albarka. To bari in shafa wa abin da ke ɗauke da shi.” Sai ta bari ya shiga shan nono, ta zagaya ta baya da ɗan ƙoƙonta ta shafe murfin, ta goge saman da gefen zaninta don kada ya gani ta ji kunya.

Da farko ta ƙi shi, gaskiya ne. Amma tun ranar da ya goya ƙanena zuwa asibiti cikin ruwan sama ta daina. Shi ne kawai bai sani ba, don ba ta da bakin gaya masa.

Tun jiya ba ta ci komai ba. Ni kuma ba zan iya ce mata albarkarta ce ke kashe babur ba, zuciyarta za ta karye. Kwanana sun ƙarato, bayana ya fara ciwo, mijina kuma ya yi fushi ya tafi da babur. Kai kaɗai yake jin maganarka.

'Yarka,
Kyarisiima.

*

Masaka.

Nuwagaba,

Ba gaisuwa yau, ba ka cancanta ba.

Karanta takardar matarka da na haɗo maka, ka karanta sau biyu. Yanzu na gane komai: man shanu da sanyin safiya daskarewa yake, ya toshe hudar. Rana ta buɗe ya narke, ya bar wa kare sauran. Na ga tsumma a kabureta, na ga gidan zanzaro a salansa, amma ban taɓa ganin babur da ƙauna ta shaƙe ba sai naka.

Kai kuma ka je gidan mutane ka ɗaga murya, sakarai kawai. Ga sabon murfi nan a ƙunshe wajen direba. Ciwon injin na gyara maka. Na tsohuwar kuwa ba ni da sifanar kwance shi, kai za ka san yadda za ka yi. Ka koma Kanyanya yau, ka kwana a can har ta sauka.

Kawunka duk da haka,
Rwabwogo.

*

Rushere, daga barandar asibiti.

Kawu, ina gaisuwa.

Mace ce. Ita da uwarta suna lafiya.

Na koma kamar yadda ka ce, amma sabon murfin a aljihu na bar shi. Naƙuda ta zo da hantsi. Ina ɗora Kyarisiima a babur sai ga tsohuwar ta fito ta ƙofar gaba da ƙoƙonta. Ta juya mini baya, ta lafta wa murfin man shanu har yana zuba a tanki. Da babur ɗin ta yi magana, amma da ƙarfi. Ta ce, “Ka kai mini 'ya'yana duka ukun lafiya.”

Kawu, na tayar da babur muka tafi. Sai da muka sha kwana aka daina hango mu na tsaya na canja murfi, Kyarisiima na dukan bayana tana cewa in yi sauri. Bai yi ko tari ba har ƙofar asibiti.

Tsohon murfin ban wanke shi ba. Gobe zan je Kanyanya in kai albishir, kuma shi zan ɗaura kafin in shiga gidan.

Ɗanka mai godiya,
Nuwagaba.