Ƙawata Ta Zaɓa Min Waya, Ta Tona Min Asiri A Aji

Anti mai shawara,

Don Allah ki taimake ni, ban san wa zan gaya wa maganar nan ba. Sau uku ina rubuta wasiƙar ina yagewa.

Shekarata goma sha bakwai, ina ajin ƙarshe a sakandare. Ni ba mai surutu ba ce, Mama ma cewa take sai da ƙugiya ake ciro magana daga bakina. Abin da na iya shi ne karatun littattafan soyayya. In na samu guda, ko gobara ake ba na ji.

Da na ci jarrabawar canjin aji, Baba ya cika alkawari ya ce in je in zaɓi waya. Ni kuwa ban san kan waya ba, sai na roƙi aminiyata ta raka ni. Gwana muke ce mata, don ba abin da ba ta sani ba. Tun firamare benci ɗaya muke zama, ita ke amsa tambaya in malami ya nuna ni na daskare.

A shagon, wata ’yar ƙarama shuɗiya ta shiga raina, mai shagon ya ce batirinta na kwana biyu. Gwana ta kwashe da dariya, wai wannan ai wayar kakanni ce, ta nuna wata mai ido uku a baya. Ni da ko hoto ba na son a ɗauke ni! Haka aka naɗe min mai ido ukun. Da aka zo kan layi na ce ina son irin na Mama, tunda yana kamawa a gidanmu. Ta ce wannan na tsofaffi ne, duk ’yan ajinmu nata suke amfani da shi, kira tsakaninmu kyauta. Wurin rijista aka nemi katin shaida, ba ni da shi, sai ta kira yayanta da ke aiki kusa aka yi da sunansa. Sannan wayar ta nemi imel kafin ta buɗe. Mutane na jira a bayana, mai shagon na ƙwanƙwasa gilashi da biro, kunya kamar in nitse. Gwana ta karɓa ta sa nata, wai kafin a buɗe min nawa. Har godiya na yi mata, Anti.

Da na dawo gida sai na tarar layin ba ya kamawa a ɗakinmu ko kaɗan. Sai a tagar kicin, saman wurin wanke-wanke, nan nake jingina wayar da kwandon cokula ta kwaso saƙonni. Tunda ba halin sauke littattafai, sai na fara rubuta nawa a wurin ajiye rubutu na wayar. Labarin wani likita ne da wata yarinya marar magana. Kar ki yi min dariya. Likitan yana da tabo a girar hagu, kuma yakan naɗe hannun riga kafin ya yi rubutu, kamar dai monitan ajinmu. Wallahi ko gaisuwa ba ta taɓa haɗa mu ba, a zuciya kawai nake abina. Babi goma sha biyu na rubuta.

Ashe duk lokacin da na jingina wayar a tagar nan, abin da na rubuta wucewa yake zuwa wayar Gwana, saboda imel ɗinta.

Ranar Talata a darasin yamma malami bai zo ba. Na dawo daga shan ruwa na jiyo aji na ta shewa. Gwana ce tsaye a kan benci, ta maƙale murya tana karanta babi na bakwai, inda likitan ya miƙa wa yarinyar lemarsa ya tafi cikin ruwa. Da ta zo kan tabon, kowa ya juya ya kalli monita. Shi kuma ya dafe girarsa ya fice. Yanzu Amaryar Likita suke kirana, har ’yan ƙananan aji.

Da na tare ta, cewa ta yi wasa ne, wai talla ma take min don labarin ya yi daɗi, kuma tun babi na ɗaya take bi. Wata huɗu, Anti! Kullum muna tafiya makaranta tare, tana kallon idona, tana sane da abin da ko ƙanwata ba ta sani ba. Dariyar aji ba ta yi min ciwo kamar wannan ba. Daga baya ma na ji wai duk wanda ta kai ya sayi layin nan, kyautar data ake ba ta.

So nake in karya sim ɗin, amma lambar na sa a fom ɗin jarrabawar fita, ta nan za a turo saƙo. In na cire imel ɗinta ina tsoron labarina ya ɓace. Mama kuma in na gaya mata za ta tambaye ni me na rubuta. In sayar da wayar ne? Wane layi zan koma? Ita kuma Gwana, in ci gaba da kula ta?

Taki,
Shiru-shiru

’Yata Shiru-shiru,

Share hawayenki, ba ki yi abin kunya ba. Rubuta labari ba laifi ba ne, wadda ta hau benci ita ce da abin kunya.

Amma bari in fara da ke. Kin san wayar da kike so, kin san layin da ke kamawa a gidanku, duk kika haɗiye don kar a yi miki dariya. Sunan wani a kan layi, imel ɗin wata a cikin waya: kayan aro ba ya rufe katara.

Ga yadda za ki yi, kuma kar ki sauya jerin. Ki fara kwafe labarinki kaf a littafin rubutu. Sannan ki goge shi daga wayar tun imel ɗinta na ciki, ki kai ta tagar nan ta kama sabis, don ya gogu har a wajenta. Sai bayan nan ki cire nata ki buɗe naki, da kalmar sirrin da ke kaɗai kika sani.

Kar ki karya sim ɗin, jarrabawarki ta fi fushinki muhimmanci. Ki gaya wa Mama, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ba sai kin karanta mata babi ko ɗaya ba, ki ce layinki na da sunan wani kuma an shiga rubutunki. Ku je ofishin kamfanin tare da yayan Gwana ku nemi a sauya sunan. In bai yiwu ba, ki riƙe shi har sakamako ya fito, ki sa sabon layi a ɗaya ramin sim na wayar. Kafin ki saya, ki ari wayar Mama da ta maƙwabta ki gwada a cikin ɗakinki, ba a bakin shago ba. Layin da ya fi shi ne wanda ke kamawa inda kike zaune, kyautar kira ba ta da amfani in ba sabis. Wayar kuma ki bar ta, ba ita ta ci amanarki ba.

Game da Gwana, ban zaci da mugun nufi ta sa imel ɗinta a shago ba, ta yiwu ita ma ba ta san haka zai faru ba. Amma ranar da babi na ɗaya ya faɗo wayarta ta yi shiru, ranar ta zaɓa. Ki same ta ku biyu, ki faɗa mata ƙarara cewa ta cuce ki. In ta ba da haƙuri ba tare da “ai wasa ne” ba, ki yafe. Gaisuwa ta ci gaba, amma sirri sai ta sake cancanta.

Sunan da suka laƙaba miki ba zai kai ƙarshen zango ba in ba ki tanka ba. Ki ɗaga kai ki shiga aji. Allah Ya ba ki sa’ar jarrabawa, Ya haɗa ki da ƙawaye masu riƙon amana.

Antinki