Kaset Na Tara

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa, ina fatan Allah Ya yalwata miki makwanci. Daga Silver Spring ta ƙasar Amurka nake rubuto miki, yau wata bakwai da rasuwarki.

Inna, shekara goma sha biyu ina ɗauke da tambayar da na kasa yi miki: kina sauraren kaset-kaset ɗin da nake aiko miki kuwa?

Bari in tuna miki mafarin abin. Shekarar da na zo, kewa ta kusa zautar da ni, sai na tsinci littafin wata marubuciya 'yar Kanada a laburaren unguwarmu. A jirgin ƙasa nake karantawa in zan tafi aiki asibiti, har sau biyu ina wuce tashata. Matan da ke cikinsa suka yi ta tuna mini da ke: ba su da yawan magana, amma ba a taka su. Tunda ba kya karatun boko, sai na sayi rikoda na riƙa ba ki labarin da Hausa, duk mai tafiya Funtuwa in ɗora masa.

Da littattafanta suka ƙare, na koma ba ki labarin matar kanta. 'Yar ma'aikacin jirgin ƙasa ce, a garin da dusar ƙanƙara ke toshe ƙofa. A teburin cin abinci take rubutu in yara sun tafi makaranta. Masu buga littafi suka yi ta dawo mata da aikinta, sai da ta haura arba'in aka buga na farko. Daga baya lambobin yabo har ba wurin ajiyewa. Ranar da ta zo Washington na je na gano miki ita: 'yar tsohuwa ce firit, ko kafaɗarki ba ta kai ba.

Ke kuwa ko uffan. Ni ce 'yar fari, na san kunyar da ke tsakaninmu. Tun da kika haife ni ban taɓa jin sunana a bakinki ba, daga "ke" sai "waccan". In na bugo waya na tambaya ko saƙo ya iso, sai ki ce, "Ya iso," ki miƙa wa ƙanena Sani. Na yi fushi, Inna, ba zan ɓoye miki ba. Na ɗauka suna can ƙarƙashin gado suna shan ƙura, shi ya sa na daina aikowa.

Makon jiya Sani ya zo taro, ya kawo mini kaset-kaset ɗin ƙulle a ɗankwalinki. Rikodata ta daɗe da lalacewa, sai da na je har garin Laurel kafin in samu wata a shagon gwanjo.

Duk sun sha wuya. Inda zare ya tsinke an liƙe shi da jan farce, muryata kuma ta dusashe don yawan juyi. A kaset na tara, ina cikin ba ki labarin ta sake aika littafinta tana jiran amsa, sai maganata ta ɗauke. Na ji kukan kaji, na ji daka a maƙwabta. Ashe jan maɓallin ɗauka kika danna bisa kuskure, kika zauna kina jira. Can sai ga muryarki, ke kaɗai a tsakar gida:

"To, Balkisu, ci gaba mana. Sun karɓa ko ba su karɓa ba? Ina jinki."

Na zauna a ƙasa na yi kuka, na yi dariya, na mayar baya na sake ji. Wallahi raina ya yi sanyi, duk nauyin nan ya sauka. Ki yafe mini zargin da na yi miki.

Da hannunki kika goge amsar, kuma na san ki, ba za ki taɓa tambayata ba. To ga ta: sun karɓa, Inna.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa mu a Aljanna, inda zan ƙarasa miki sauran labarin baki da baki.

Taki har kullum,
'yarki ta fari, wadda kika kira,
Balkisu