Ƙanwata Ta Saka Sirrin Innarmu a Fim

Zuwa ga Hajiya Murjanatu,

Assalamu alaikum. Hajiya don girman Allah ki taimaka mini da shawara kafin ƙarshen watan nan, don kaina ya ɗaure tamau, kuma maganar ba irin wadda ake kai wa maƙwabta ba ce. Sunayen da zan ambata duk na aro ne. Sunan fim ɗin kuwa na rubuta miki shi a bayan takarda, naki ne ke kaɗai.

Ni malamar firamare ce a Jega, ina da aure da 'ya'ya uku. Innarmu tana Maiyama. Tun kafin a haife ni take sayar da albasa da gabu, kuma duk ranar kasuwar Jega sai ta zo. Wanda ya san layin 'yan albasa ya san ta, don ba ka wuce rumfarta ba ta ba ka dariya ba. Tana iya zagin mai saye tas ya tafi yana godiya.

Ɗanta na fari, yayanmu Ubaidullah, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Kin san al'adarmu ta kunyar ɗan fari. Ba ta goya shi a gaban mutane ba, kakarmu ce ta raine shi, kuma in tana son magana da shi sai ta ce da ɗayanmu ya kira mata yayanku. Shekara goma sha ɗaya ke nan da motar albasar da ya bi daga Aliero ta faɗi a hanyar kudu, Allah ya karɓi abinsa. Labarin a kasuwa ya iske ta. Ta ƙarasa auna wa wata mata albasa, har da gyara, sannan ta ɗaure kayanta. A zaman makoki ko ɗigon hawaye ban gani a idonta ba. Har tsokanar masu gaisuwa ta riƙa yi wai sun shanye mata fura. Tsofaffi suka yi ta yaba mata, wai ta cika mai kara. Ni kuwa Hajiya, bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: tun ranar na ƙullace ta. Na ce a raina wannan mata ba ta da zuciya, al'ada kawai ta samu ta laɓe a bayanta. Ina yi mata duk abin da ɗiya ke yi wa uwa, amma can ciki akwai wurin da na rufe.

To, autarmu Umaima tana karatu a Aliero. Bara ta ce ita da abokan karatunta suna haɗa fim. Na ce to Allah ya taimaka, a raina kuwa na ce shiririta ce ta ɗalibai. Da suka gama suka kama wani ɗakin taro a nan Jega, aka sa bayan la'asar, maza gefe mata gefe. Don kar ta ce ban je ba na je.

Hajiya, Umaima da kanta, yarinya 'yar shekara ashirin da huɗu, ta fito a matsayin Kaltume, tsohuwa mai albasa, wallahi sai na ga Inna kamar an tsaga kara. Ba fuska nake nufi ba. Tafiyar ce, da yadda take ƙwanƙwasa kwanon awo sau biyu kafin ta cika shi, da yadda take gyara ɗankwali da bayan hannu don kar yajin albasa ya shiga idonta. Mutane suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Akwai inda akuya ta cinye mata gabu ta bi ta har gidan mai ita tana neman a ba ta akuyar ta yi miya da ita, tunda ta riga ta sha kayan ƙamshi. Wata mata kusa da ni sai da ta zame daga kan benci. Ni ma na yi dariya har na manta da kaina.

Sai aka zo inda ake gaya wa Kaltume ɗanta ya mutu. Ta ci gaba da awo. Ta yi gyara. A zaman makoki ta yi maganar fura. Wasu suka fara dariya don sun saba, amma dariyar ta maƙale musu, domin bakinta na raha hannunta kuwa na ta ƙulla bakin zane yana kwancewa, ƙulla kwance, ƙulla kwance. Ban san yadda aka yi yarinyar nan ta iya haka ba. Ni da na yi mata wanka tana jaririya, sai na ji kamar ban taɓa saninta ba.

Daga nan aka nuno ta da hantsi ta shiga ɗakin ajiyar albasa ita kaɗai ta ja ƙyaure. Ta tsaya. Ta waiga. Sannan ta kira sunan ɗan nata a hankali, sau uku, tana tsayawa tsakani kamar mai sauraron amsa. Ba ta yi kuka ba. Ta sake waigawa irin ta wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba, ta goge baki, ta fito tana faɗa da kaji. Ɗakin taron nan ya yi tsit, ko tari babu. Wani dattijo dillalin shanu da duk Jega ta san shi da taurin kai ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Wata mata ta miƙe ta fita tana salati. Da fim ya ƙare ba wanda ya tafa, ba wanda ya motsa, sai da masu shara suka shigo. A bakin ƙofa mata suka kewaye Umaima, wata tsohuwa ta riƙe hannunta tana tambayarta wa ya gaya mata, wai ita ma haka ta yi shekara talatin da suka wuce.

Ni ma tambayar da na yi mata ke nan da muka keɓe. Sai ta faɗa mini. Ashe ba ƙirƙira ta yi ba. Ran sadakar bakwai, tana 'yar shekara goma sha uku, ta shige bayan buhuna a ɗakin albasarmu don ta yi kukanta, sai Inna ta shigo ba ta gan ta ba. Abin da ta gani da idonta shi ta yi a fim, ba ƙari ba ragi. Shekara goma sha ɗaya tana riƙe da shi. Hajiya, na ji kunyar Allah, na ji kunyar kaina, na rasa ko in mare ta ko in rungume ta.

Yanzu fim ya shiga wayoyi, masu tura fina-finai sun baza shi daga Jega har Liba, kuma duk wanda ya san Inna ya gane ta. Mata na zuwa rumfarta su durƙusa su yi mata sabuwar ta'aziyya, su sayi albasa ba ciniki. Ita ba ta san dalili ba. Rannan take tambayata ko mutuwa ta yi ne aka ɓoye mata. Ƙanenta Kawu Shehu kuwa ya hau dokin zuciya, ya ce Umaima ta tsiraita uwarta a tsakiyar kasuwa, kada ta sake taka gidan sai an cire fim ɗin. Inna kuma ta ji ƙishin-ƙishin ɗiyarta ta yi wasan da ake ta magana, ta ce in na zo sunan da za a yi a gidanmu ƙarshen wata lalle in kunna mata.

In nuna mata, ina tsoron kunya ta karya ta, don mutuncin nan shi ta rayu a kansa. In ɓoye, wata mai dogon baki za ta fesa mata a kasuwa. Kuma ban san ko in bi bayan Kawu ba, alhali zuciyata na gaya mini ban taɓa ganin abu mai kyau kamar abin da yarinyar nan ta yi ba. Yaya zan yi?

Taki,
Yayar Mai Wasa, Jega

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa.

Na nemi fim ɗin na kalla kafin in ɗauki alƙalami. Ba ki yi ƙari ba. Na daɗe ina kallon fina-finai, amma rabon da wata ta sa in yi dariya kuma in kasa cin abincin rana a zama ɗaya, na manta. Allah ya ba ƙanwarki baiwa, kada kowa ya sa ta ji kamar laifi ce.

Amma Kawunku bai yi hauka ba. Abin da Umaima ta gani ba nata ba ne, na Inna ne, kuma matar da ta ja ƙyaure ta waiga sau biyu ta riga ta faɗa wa duniya ba ta son shaida. Da ta canja sana'ar, ta canja tafiyar, da an tsira. Ba ta canja ba, kuma ba ta nemi izini ba. Kyan aikin bai goge wannan ba, kamar yadda laifin bai rage kyan aikin ba. Inda Kawu ya kauce shi ne da ya yanke hukunci a madadin mai haƙƙin, alhali ko labari ba ta ji ba. Ki same shi cikin ladabi ki roƙe shi ya janye maganar hana shiga gida har yayarsa ta ji ta faɗi nata.

Kada ki jira suna, gidan zai cika da mutane. Ku tafi Maiyama a makon nan, ranar da ba kasuwa. Kuma ba ke za ki faɗa ba, Umaima ce. Ta shiga ɗaki ta durƙusa ta ce ta gan ta ran bakwai, ta saka abin a fim, ta nemi gafara. Da baki za a fara, kada a bari allon waya ya fara gaya mata. In ta ce za ta kalla, ku kunna mata ku fita tsakar gida ku nemi aikin yi. Kada ku leƙa, kada ku zuba mata ido in ta fito, kada ku taru kuna kuka a kanta don ta taya ku. In ta fito da raha, ku yi dariya, kin dai ga abin da raharta take ɗauke da shi. In ta yi fushi, ku sunkuyar da kai ku sha. In ta ce a cire wurin nan, Umaima ta je ga abokan aikinta ta yi iya ƙoƙarinta da gaske, ko da abin da ya shiga wayoyi ba ya dawowa. Uwa na gaba da yabon 'yan kallo.

Saura ke. Kada ki je ki zazzage mata cewa kin shekara goma sha ɗaya kina zarginta, wannan sauke kayanki ne a kanta. Ki ce Inna ki yafe mini abin da na sani da wanda ban sani ba, ki tsaya nan. Sauran ki biya shi da zama kusa da ita. Kuma ki daina cin kanki, yarinya ce ke lokacin, kina cikin zafin rashi, abin da ido ya nuna miki kika ɗauka.

Ni ma 'yar fari ce. Mahaifiyata ta rasu shekara tara ke nan, kunnena bai taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma na girma ina zaton haka Allah ya yi ta. Da na gama kallon ƙanwarki na daɗe zaune ina tunanin ko tawa ma ta taɓa kirana a inda ba na ji. Ba ni da wanda zan tambaya. Taki tana nan da ranta, tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce tsakaninku. Ki tashi ki je.

Allah ya jiƙan yayanku, ya sanyaya zuciyar Inna, ya sa ku fito daga ɗakin nan kuna haɗe.

Hajiya Murjanatu