Shafin da Uwaisu ya bari a buɗe

Malam Ja'afar, ina roƙon ka taimake ni, domin al'amarin ya fi ƙarfina.

Ni tsohon hedimasta ne a Wurno, kuma a zamanin aikina ban taɓa barin kuskuren waƙafi ya wuce ni ba. Bara 'yan bindiga suka kashe ɗana Uwaisu a hanyar Goronyo, yana dawowa daga gonarsa ta albasa. Ya bar kwamfutarsa a buɗe kan wani dogon shafi na intanet, inda yake sanya hotunan gonar da bayanansa. A can ƙarshe akwai hotonmu tare a bakin madatsar ruwa. Tun ranar ban rufe shafin ba.

Bayan rasuwarsa hannuna na dama ya shanye. Da hagu nake jan linzamin kwamfutar, shi ma rawa yake yi. Makon jiya na so in gangara zuwa hoton, hannun ya goce, shafin ya ɓace. Mai ɗakina, Hajiya Adama, tana ganin Allah ne ya raba ni da abin da ke cin raina. Na yi mata tsawa, abin da ban saba ba. Har yau gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Mi zan yi?

Tsohon Hedimasta, Wurno

Baba, Allah ya jiƙan Uwaisu, ya ba ka lafiya.

Ga dukkan alamu shafin bai ɓace ba. Ka danne maɓallan Ctrl da Shift, sannan ka taɓa T. Hannun hagu ya isa. Idan bai dawo ba, Ctrl da H za su nuna shafukan da aka buɗe a baya, ka neme shi a ciki. Da ya bayyana, ka danna Ctrl da D domin adana adireshinsa.

Daga nan ka ajiye linzamin. Dogon maɓallin ƙasa yana gangarawa da kai, idan ka haɗa shi da Shift sai ka koma sama. Home zai mayar da kai farko, End kuwa zai kai ka ga hotonku kai tsaye.

Sai batun Hajiya. Kana da haƙƙin tuna ɗanka, ita ma tana da dalilin jin tsoron ganin kana ƙarewa a gaban allo. Ita ta haife shi, Baba. Ka ba ta haƙuri, ka jawo mata kujera kusa da taka, ka bar ta ta danna End da hannunta.

Allah ya sanyaya zukatanku.