Shekarar da Ka Yi Mini Alkawari

Zuwa ga Yayana,

"Ranar da karatunki ya tashi, kira na kawai za ki yi. Inna ta dawo wurina shekara guda cur, ke kuma ki je ki zama cikakkiyar malama." Kai ka faɗi haka a ƙofar ɗakin Inna, kana ɗaura agogo za ka tafi, yau shekara shida. Na tuna maka ne don na ga alamar ruwan garin naku yana wanke tunani.

Bayan haka, ina gaishe ka da fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara rufin asiri. Mu ma alhamdu lillahi. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, sai dai maganin hawan jinin sau uku ne a yini, kuma na rana ba ta sha sai an tsaya a kanta.

To, karatun ya tashi. An ɗauke ni horon malanta, an ba ni takarda mai gurbi biyu: firamare ko sakandare. In na zaɓi firamare, a makarantarmu zan yi koyon aikin, in leƙo gida da azahar in ba Inna magani. In sakandare ce, ƙarshen gari za a tura ni, mota biyu, fita da sassafe, dawowa da la'asar sakaliya, har shekara. Ka ga inda alkawarinka ya shigo.

Da na kira ka, ka ce firamare ta fi dacewa da ni, wai ina da haƙuri da yara. Yaya, ba haƙuri ba ne, rashin mafita ne. Shekara goma sha ɗaya ina mataimakiyar malama a aji biyu, a kan kujerar da aka ƙera wa ɗan shekara bakwai, gwiwoyina na gaisawa da haɓata. Na fere fensir, na share majina, na ɗaure igiyar takalmi har bayana ya ƙage. Malamai sun laƙaba mini Riƙe-Mini, don duk mai fita sai ya ce in riƙe masa aji. Ba raina aikin nake yi ba. Duk ranar da yarinya ta haɗa baƙi da wasali ta karanta kalmarta ta farko, har yanzu idona cikowa yake yi, kuma shugabar makarantarmu ta ce asara ce in bar yaran. Amma tarihi nake so in koyar. Littattafan da ka bari a kwali, a ɗakin ajiye tsintsiya na karance su lokacin hutun tara, har bangonsu ya fita. Kafin gwiwar nan ta ƙare, ina so in tsaya gaban ɗaliban da za su yi mini gardama.

Ka kuma ce gidanka ba wuri. Hoton ɗakin baƙin da matarka Anti ta turo mana, mai sababbin labule, ya iso lafiya.

Inna ta ji wayar tamu. Ta ce ita ba buhu ba ce da za a yi ta neman inda za a jingine ta, amma in saboda ita zan tsufa a ƙaramar kujera, ba ta lamunta ba. Ta ce ma tana marmarin ganin jikokinta. An ce alkawari kaya ne. Na gaji da ɗaukar maka naka a kan nawa.

Ka gaida Anti da 'yan biyu da Auta. Gwaggo da Kawu suna gaishe ku.

Litinin ake mayar da takardar, kuma sakandare zan zaɓa. Ina jiran kiranka zuwa Alhamis, ka faɗi ranar da za ka zo ɗaukar Inna. In ban ji ka ba, Asabar mai zuwa ni zan kawo maka ita da kaina. Na rubuta lokutan maganin a jikin kwalin, na rana da jan biro. A share ɗakin baƙi.

Ƙanwarka,
Riƙe-Mini, a karo na ƙarshe.